Me ya hana ikkilisiyar farko haramta bauta, kuma ina zancen ya kwana?

Ƙanwar Kowa:

Salama gare ku iyayena da yayyena. Akwai tambayar da matasa ke yawan jefowa a nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma amsar da aka saba bayarwa ba ta gamsar da kowa. In har Galatiyawa 3:28 ta ce a cikin Almasihu babu bawa babu ɗa, me ya sa Bulus ya mayar da Unisimas hannun Filimon, ya kuma ce bayi su yi wa iyayengijinsu biyayya? Bayan manzanni fa, akwai wani cikin Ubannin Ikkilisiya da ya fito fili ya ce mallakar mutum zunubi ne, ko dukansu sun kau da kai? Sannan zancen la'anar Ham da ake cewa ita ta jawo wa baƙar fata bauta, daga wurinsu ya fito? Don Allah ina son amsa mai suna da shekara da inda zan duba, ba "ai zamaninsu haka yake" kawai ba.

Malamin Helenanci:

Ƙanwata, fara da kalmar kanta, don a nan ake yawan zamewa. Abin da Sabon Alkawari ya rubuta shi ne doulos, ma'anarsa kuwa bawa, wanda aka saya ko aka haifa a gidan bauta. Ba bara ba ne, ba ɗan aiki mai albashi ba. Juyin Turanci na 1611 ya sassauta kalmar a kusan ko'ina, shi ya sa za ki ji mai wa'azi yana mayar da Afisawa 6:5 maganar ma'aikaci da shugabansa a ofis. Mu masu karatu da Hausa mun fi su sa'a, domin muna da bawa da baiwa da ɗa, kuma muna da ubangiji. Kalmar kurios ta Helenanci haka take aiki, ita ce mai bawa, ita ce kuma Ubangiji na sama. Kolosiyawa 4:1 a kan wannan haɗuwar take tsaye: ku iyayengiji, ku tuna ku ma kuna da Ubangiji a sama.

Sai ki san irin bautar da ake magana. A dokar Roma bawa dukiya ne. Aurensa ba aure ba ne a gaban alƙali, ɗan da baiwa ta haifa na mai baiwar ne, kuma ba a karɓar shaidar bawa sai an gana masa azaba. A shekara ta 61, Bulus na da rai, wani bawa ya kashe Fedaniyus Sekundus, magajin birnin Roma. Aka kashe bayin gidan gaba ɗaya, wajen ɗari huɗu, bisa tsohuwar doka, duk da jama'a sun fito suna ƙin abin. 'Yantarwa ma tana da ƙa'ida. Gwamnati na karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin bawan. Wanda bai kai shekara 30 ba, in an 'yanta shi ba ya samun cikakken 'yancin ɗan ƙasa sai da dalili na musamman. A wasiyya kuwa, mai bayi 10 rabi kawai zai iya saki, mai 30 sulusi, mai 100 rubu'i, kuma komai yawan bayin mutum ba zai wuce 100 ba. Bawa na iya tara ɗan abin hannunsa da yardar ubangijinsa har ya fanshi kansa, kusan irin abin da Bahaushe ya sani da murgu da fansa.

Na kawo wannan ne don a san ƙasar da Bulus ya taka, ba don a ce ba wanda ya iya tunanin wata hanya ba. Filo na Iskandariya, Bayahude ɗan ƙarni ɗaya da Bulus, ya rubuta cewa Essenawa, wata ƙungiyar Yahudawa, ba sa riƙe bawa ko ɗaya, suna ganin abin ya saɓa wa halitta.

Ayoyi biyu ne suka fi ba da wahala. Ta farko 1 Korintiyawa 7:21. Bulus ya ce, an kira ka kana bawa, kada ka damu, amma in ka sami damar 'yanci, sai ya rufe da kalmomi biyu, mallon kresai, wato "gara ka yi amfani". Da me? Bai faɗa ba. Yawancin masu juyi na yau sun cike gurbin da 'yanci: in dama ta zo ka kama ta. Yohanna Kirisostom, wanda Helenanci harshensa ne na uwa, ya cike shi da bauta: ko da dama ta zo, gara ka zauna. Kin ga aya ɗaya ta haifi umarni biyu masu karo da juna.

Ta biyu wasiƙar Filimon, aya 25 kacal. Karanta ta da biro a hannu ki ga abin da babu a ciki. Ba inda ta ce Unisimas ya gudu, daga aya 15 da 18 ake hasashen haka. Ba kuma inda ta ce a 'yanta shi. Abin da ke akwai shi ne aya 16, a karɓe shi ba kamar bawa ba, fiye da bawa, ɗan'uwa ƙaunatacce. Aya 18, in yana da bashi a rubuta a kan Bulus. Da aya 21, na san za ka yi fiye da abin da na ce. Masu ƙin bauta sun rataya hujjarsu a kan "fiye da". Masu bayi kuma suka riƙe cewa ai dai ya mayar da shi. Ajiye Maimaitawar Shari'a 23:15-16 kusa da ita, inda aka hana miƙa bawan da ya tsere ga ubangijinsa, za ki ga dalilin da gardamar ba ta mutu ba.

Umarnin biyayya yana Afisawa 6:5-9, Kolosiyawa 3:22 zuwa 4:1, 1 Timoti 6:1-2, Titus 2:9-10 da 1 Bitrus 2:18, wadda ta ce har ga ubangiji mai mugun hali. A ɗaya gefen 1 Timoti 1:9-10 ta jera masu satar mutane su sayar tare da masu kisankai, Wahayi 18:13 kuma ta rufe jerin hajar Babila da jikuna da rayukan mutane, bayan shanu da tumaki da dawakai.

Tsohon Katikis:

Malam ya share fage. 'Yata, ga amsar tambayarki ta biyu a taƙaice: akwai mutum ɗaya da ya faɗa ba kwana-kwana, Girigori na Nisa, amma ba maganarsa ce ta zama doka ba.

Bari in bi da ke a jere. Wajen shekara ta 110 Ignatiyus na Antakiya ya rubuta wa Folikab, bishop na Simirna, cewa kada a raina bayi, amma su ma kada su sa rai a fanshe su da kuɗin asusun ikkilisiya. Hanin kansa ya nuna akwai masu neman hakan. A farkon ƙarni na 4 taron Elbira a ƙasar Sifen ya yi doka ta 5: matar da ta yi wa baiwarta bulala cikin fushi har ta mutu cikin kwana uku, a hana ta cin jibi shekara bakwai in da gangan ne, shekara biyar in kuskure ne. Doka ta 8 ta wannan taron ta ce matar da ta bar mijinta ba dalili ta auri wani, ba ta cin jibi ko a bakin mutuwa. Ki auna biyun.

Wajen 340 aka yi taron Gangara, a cikin Turkiyya ta yau, saboda mabiyan Yustatiyus na Sebaste, masu tsananin gudun duniya, waɗanda bayi ke barin iyayengijinsu suna bin su. Doka ta 3 ta la'anci duk wanda ya koya wa bawa, da sunan ibada, ya raina ubangijinsa ya bar masa aiki. Wannan doka ta shiga kundin dokokin ikkilisiya, aka yi ta kwafarta ƙarni bayan ƙarni. A 443 Fafaroma Liyo na ɗaya ya hana naɗa bawa firist, da hujja biyu: ƙasƙancin bawa na ɓata aikin bagade, kuma ana tauye haƙƙin mai shi. A 451 doka ta 4 ta taron Kalsidon ta hana karɓar bawa a gidan zuhudu ba da yardar ubangijinsa ba.

Abin da Sarki Konstantin ya ƙara shi ne 'yantarwa a cikin majami'a, da dokokin 316 da 321. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya kwatanta yadda ake yi a wa'azinsa na 21. Mai bawa zai riƙo hannunsa ya shigo da shi gaban jama'a, a yi shiru, a karanta takardar da ke cewa bawan ya yi aminci cikin komai, sannan a fasa allon da ke ɗauke da shaidar mallakarsa. Wanda aka saki a gaban bishop ya zama cikakken ɗan ƙasar Roma. Amma lura, ƙofa ce aka buɗe wa mai so, ba a tilasta kowa ba. Daga wannan zamanin ne ma ake tono zobban ƙarfe da ake maƙala wa bayi a wuya, an rubuta "riƙe ni kada in gudu". Wasu na ɗauke da alamar sunan Almasihu. Ɗaya da aka samu a tsibirin Sardiniya ya ce mai sanye da shi bawan Filikus ne, babban dikin.

To, me malaman tauhidi suka ce? Kusan dukansu sun ƙi ra'ayin Aristotal cewa akwai wanda aka halitta don bauta. Basil na Kaisariya ya ce ba wanda yake bawa bisa halitta, amma nan take ya kawo Yakubu da Isuwa, wai wani lokaci alheri ne marar hikima ya zauna ƙarƙashin mai hikima. Kirisostom ya ce kwaɗayi da zunubi ne suka haifi bauta. A wa'azinsa na 40 kan 1 Korintiyawa ya ce bawa ɗaya ya ishi mutum, in ya yi yawa biyu, sauran a koya musu sana'a a sake su. Magana ce mai nauyi ga attajiran Antakiya, sai dai faɗa yake da almubazzaranci, ɗayan nan da ya bari bawa ne har yanzu.

Wanda ya gina ginin da ya daɗe shi ne Agustin, a littafinsa Birnin Allah, kashi na 19, babi na 15. Matakan hujjarsa huɗu ne. Allah ya ba mutum mulki a kan dabba, ba a kan mutum ba. Saboda haka bauta ba ta cikin halitta ta fari. Zunubi ne ya kawo ta, kuma ba ta aukuwa sai da hukuncin Allah, wanda ba ya zalunci. Don haka bawa ya yi hidima da zuciya ɗaya, ya mai da bautarsa wani irin 'yanci, har ranar da mugunta za ta wuce. Matsalar tana mataki na uku. Da zarar an ce hukunci ne, wanda ake bautarwa ya zama mai ɗaukar horo, mai bautar da shi kuma ya zama sandar horon. Tambayar "wa ya ba ka izinin mallakarsa" ta ɓace, ta koma "yaya kake riƙe shi".

Wannan tambayar da ta ɓace ita Girigori na Nisa, ƙanen Basil, ya yi wajen 379, a wa'azinsa na huɗu kan littafin Mai Hadishi. Ya tsaya a 2:7, inda mai magana ke alfahari ya sayi bayi mata da maza. Sai ya juyo kansa kamar mai ciniki a kasuwa. Nawa ka biya? Me ka samu a duniya da ya kai darajar wannan halitta? Kwabo nawa ka ƙirga a kan siffar Allah? Ya ce Farawa 1:26 ta ba mutum mulkin kifi da tsuntsu da dabba, to mai sayar da mutum yana sayar da mai mulkin duniya ne, dole ya haɗa da duniyar a cikin cinikin, wa ke da kuɗinta? Ya ce Allah kansa ba ya mayar da abin da ya 'yanta cikin bauta, tun da Romawa 11:29 ta ce ba ya janye kyautarsa. Ya yi wa takardar ciniki ba'a, 'yar guntuwar takarda ta ruɗe ka har ka ɗauka kai ne mai siffar Allah. Daga nan ya lissafa: numfashinku ɗaya, rana ɗaya kuke gani, abinci hanya ɗaya yake bi a cikinku, ƙasa ɗaya za ku zama. Bai ce a riƙe bawa da kyau ba, mallakar ce ya kira girman kai a gaban Allah. Yayarsu Makirina kuwa ta riga ta mai da bayin gidansu mata 'yan'uwan zama, tebur ɗaya, shimfiɗa iri ɗaya. Amma wa'azi ne aka yi a wani ƙaramin gari na Kafadokiya. Ba taron da ya ɗauke shi ya mai da shi doka.

Uwar Littattafai:

Baba Katikis, ban ƙi ko ɗaya ba, sai dai in aka tsaya nan yarinyar za ta ɗauka ikkilisiya ta naɗe hannu ne. Ba haka ba ne, kuma abin da ta yi shi ke nuna inda ta ja layi.

Wasiƙar Kilemen ta fari, wajen shekara ta 96, ta ce akwai masu bi da suka sayar da kansu bayi suka ciyar da wasu da kuɗin. Kalistus, wanda ya zama bishop na Roma wajen 217, tsohon bawa ne, kuma abokan gabansa sun zarge shi da yarda mata 'yan manyan gida su zauna da bayi a matsayin miji, abin da dokar ƙasa ba ta sani da aure ba. Balandina da aka kashe saboda bangaskiya a Liyon ta Faransa a 177 baiwa ce, kuma ikkilisiya ta riƙe sunanta, na uwargijiyarta da suka sha wuya tare bai zo mana ba. Ambros na Milan ya farfasa kwanonin zinariya na majami'a ya fanshi kamammu bayan yaƙin Adiriyanoful na 378. Faladiyus ya ce Melaniya ƙarama ta 'yanta bayi 8,000 a farkon ƙarni na 5.

Shi kansa Agustin akwai wasiƙarsa da ba a san da ita ba sai da Yohannes Dibjak ya gano ta cikin wani tsohon kundi a Faransa, aka buga a 1981. Ya rubuta ta ga abokinsa Alifiyus a shekarunsa na ƙarshe. Fatake 'yan Galatiya (ki ji, Galatiya dai) sun cika gaɓar Afirka ta Arewa, 'yan fashi na shiga ƙauyuka da dare suna kwasar mata da yara suna kai musu. Agustin ba ya gari, mutanen ikkilisiyar Hippo suka je suka kuɓutar da wajen mutum 120, wasu daga cikin jirgi, wasu daga inda aka tsare su kafin lodi. Da aka bincika, biyar ko shida ne kawai iyayensu suka sayar. Yana roƙon a kai maganar fadar sarki.

Ga inda gizo ke saƙa. Abin da ya tayar wa Agustin hankali shi ne ana sayar da 'ya'ya, waɗanda aka haifa da 'yanci. Haka Fatirik na Ailan, wanda shi kansa ya yi shekara shida a bauta, ya yi wa sojojin Korotikus kaca-kaca don sun kwashi sabbin masu baftisma. Fansar ɗa da aka kama bisa zalunci aikin lada ne da kowa ya yarda da shi. Bacucane, wanda aka haifa a gidan, ba shi cikin lissafin.

Da ikkilisiya ta zama mai gonaki kuma sai wata matsala ta shigo, wadda ba ta tauhidi ba ce, ta dukiya ce. Kayan ikkilisiya ba na bishop ba ne, ba shi da ikon bayar da su, bayi kuwa suna cikin kayan. Taron Agde na 506 ya yarda bishop ya 'yanta bawan da ya cancanta, amma abin da zai ba shi na guzuri kada ya wuce sulallan zinariya 20. Taron Efawon na 517 ya hana shugaban gidan zuhudu 'yanta bayin gidan, wai ba daidai ba ne 'yan zuhudu na noma bayi na hutawa. Taron Toledo na tara, a 655, ya ce 'ya'yan da limaman coci suka haifa su zama bayin ikkilisiya. Fafaroma Girigori Babba a 595 ya rubuta takardar 'yanta Montana da Toma da kalmomi masu daɗi, cewa halitta ta fito da mutane 'ya'ya, dokar al'ummai ce ta sa musu karkiya. Mutum biyu ke nan. Gonakin ikkilisiyar Roma suka ci gaba da aiki da bayi a ƙarƙashinsa.

Ƙanwar Kowa:

Na gode Baba, na gode Mama. Saura Ham. Kuma ta yaya maganar ƙarni na 5 ta isa jiragen da suka kwashi mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma?

Ɗan Alƙali:

Ƙanwata, buɗe Farawa 9:25. Wanda Nuhu ya la'anta Kan'ana ne, ba Ham ba. Farawa 10:6 ta ba Ham 'ya'ya huɗu, Kush, Masar, Fut da Kan'ana. Kush ne ake dangantawa da ƙasashen kudu da Masar, shi kuwa ba abin da aka ce a kansa. Launin fata bai fito a labarin ba sam. Agustin da Kirisostom sun kawo labarin ne don nuna zunubi ya haifi bauta, kuma bayin da suke gani a kasuwa Girkawa ne, Siriyawa, Jamusawa, mutanen Afirka ta Arewa, kowane launi. Haɗa la'anar da baƙar fata ya zo daga baya, ya yi ta yawo a rubuce-rubucen Kirista da Yahudawa da Musulmi. Ibn Khaldun ya ƙaryata shi, ya ce zafin ƙasa ke sa launi. Ahmad Baba na Tumbuktu a 1615, da aka tambaye shi hukuncin bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata, shi ma ya ƙi zancen, ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Ma'auninsa addini ne, ba launi ba.

Abin da ya ratsa ƙarnuka daga Ubanni ba la'anar ba ce, abu biyu ne. Na farko, dalilan mallaka da ake kira halattattu, waɗanda aka gada daga dokar Roma: kamu a yaƙin adalci, hukuncin laifi, sayar da kai, haihuwa daga baiwa. Kundin dokokin Sarki Jastiniyan na 533 ya amsa cewa bauta ta saɓa wa halitta, sannan ya tsara dokokinta. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya ce hankalin mutum ne ya ƙara ta don amfanin zama. Na biyu, raba 'yancin rai da na jiki: baftisma na 'yanta rai, jiki na nan inda yake.

Ga yadda aka yi aiki da su. A watan Agusta 1444 aka raba kamammu 235 a Lagos ta ƙasar Fotugal, ba tamu ta Ikko ba. Zurara, marubucin fada, ya kwatanta yadda uwaye ke rungume 'ya'yansu ana fizge su, ya ce ya yi hawaye, sannan ya lallashi kansa da cewa rayukansu za su tsira. A 1452 Fafaroma Nikolas na biyar ya ba sarkin Fotugal izinin yaƙar Musulmi da arna ya mai da su bayi na har abada, ya sake tabbatarwa a 1455. Wannan dalilin yaƙin adalci ne. A 1537 Fafaroma Bulus na uku ya hana bautar da 'yan asalin Amurka, amma cinikin Afirka bai tsaya ba, domin ɗan kasuwa na iya cewa a hannun wanda ya kama su a yaƙi ya saya, kuma ba mai bincike. Nan tsarin ya lalace: sharaɗin yana kan takarda, nauyin tabbatar da shi ba ya kan kowa.

Na biyun ya fi fitowa a ƙasashen Furotesta. Masu gonaki na tsoron baftisma za ta 'yanta bayinsu, sai suka hana a yi musu wa'azi. Majalisar Bajiniya ta Amurka a 1667 ta yi doka cewa baftisma ba ta canza matsayin bawa. A Faransa ma, ƙasar Katolika, dokar bayi ta 1685 ta wajabta yi musu baftisma, suna nan bayi. A 1742 Yakobus Kafitein, wanda aka sace yana yaro daga ƙasar da ake kira Gana yau, ya kare kundinsa a jami'ar Laidin cewa bauta ba ta saɓa wa 'yancin Kirista ba, tun da 'yancin na ruhu ne. Aka tura shi limamin coci a Elmina, inda ake tsare bayi kafin lodi, ya rasu a 1747. A 1807 aka buga wani zaɓaɓɓen Littafi Mai Tsarki a Landan don bayin tsibiran Karibiyan. Daga Farawa 45 sai ya yi tsalle zuwa Fitowa 19, babu bautar Masar babu fita daga cikinta. Galatiyawa 3:28 ba ta ciki, Afisawa 6:5 na ciki.

A Amurka ikkilisiyoyi sun tsage a kan wannan, Metodis a 1844, Baftis a 1845. Baftis ɗin Kudu sai a 1995 suka nemi gafara a hukumance. A ɓangaren Katolika, Fafaroma Girigori na 16 ya la'anci cinikin bayi a 1839, amma a 1866 ofishin koyarwa na Roma, yana amsa tambayar wani bishop mai aiki a ƙasar Habasha, ya ce bauta a kan kanta ba ta saɓa wa dokar Allah ba in dalilin mallakar halattacce ne. Hujjar nan ta Agustin da Akwinas ce ba a canza mata riga ba. Sai a 1965 taron Batikan na biyu ya jera bauta cikin abubuwan ƙyama ba tare da wani sharaɗi ba.

Malamin Helenanci:

Ƙari ɗaya, don kada a ba matasa labarin a miƙe kamar daga Girigori na Nisa aka ɗauko zare har zuwa ranar 'yanci. 'Yan Kwaka (wata ɗarikar Kirista) huɗu da suka sa hannu a takardar ƙin bauta ta garin Jamantawun na Amurka a 1688 ba shi suka kafa hujja da shi ba. Matiyu 7:12 suka riƙe, abin da kake so a yi maka ka yi wa wani, suka tambaya wa zai so a sace shi a sayar. Ottoba Kugowano, shi ma ɗan gaɓar Gana da aka sace, a littafinsa na 1787 ya rushe zancen la'anar, ya dawo da dokar satar mutum ta Fitowa 21:16, wadda hukuncinta kisa ne. Wato sun bar tambayar yadda za a riƙe bawa, suka koma kan yadda aka same shi.

In za ki kai wa ajin, kada ki fara da Afisawa. Ba su Filimon su karanta da ƙarfi, ba ta cin minti biyar, ki sa su nemo inda aka ce ya gudu da inda aka ce a sake shi. Daga nan Mai Hadishi 2:7 da tambayoyin Girigori, sai babi na 15 na Agustin a gefensa, su gano da kansu a wane mataki biyun suka rabu. Farawa 9 ki bar ta ƙarshe, ki sa ɗaya ya karanta aya 25, wani kuma 10:6, ki tambaye su sunan wa suka ji.